Wane ruwa zan zuba ma tsohuwar 504 tawa, kore ko ja ko na rijiya?

Ɗan Bagalam ya rubuta:

Salamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da zahi. Don Allah masu sanin mota ku taimaka mani da shawara kahin in sake yin wata ɓarna. Ina da akori-kura Peugeot 504 mai isansi wadda na gada wurin tsohona Allah ya jiƙan shi, motar ta girme ma ɗana na hwari nesa ba kusa ba, da ita nike ɗauko aya da wake daga Cadawa da ƙauyukan wajen Agye in kawo Maradi, wani bi in leƙa Ɗan Isa in an samu lodi. Tunda na buɗe ido ruwan rijiya ko na pompo nike ganin tsoho na zuba mata a radiyata, bido guda kullum na ɗaure bayan kujera, in ta sha a ƙara mata, haka ni ma na ci gaba.

To bara cikin watan Afirilu ina dawowa da buhu goma sha biyar, saura kaɗan in shigo gari sai na ga allura ta haye ja, kahin in samu inuwar da zan tsaya tururi ya turnuƙe gaban mota awa an buɗe tukunyar dambu. Jawo ta anka yi har garaji. Jowan kulas, shimhiɗar da ke tsakanin kan inji (kulas) da gangar jikinshi, ya ƙone, kulas ɗin kanshi sai da anka kai anka goge shi, kuma da makanisiye ya ciro shi ya nuna mani ramukan da ruwa ke bi, wallahi wasu sun cinye awa ɓera ya gurgure su, ga wani hwarin abu ya daskare ciki irin wanda ke kama gindin butar shayi. Kuɗɗin da na kashe ba na son tuna su, sun haura jikka saba'in, ga sati biyu babu aiki.

Yanzu zahi ya sake kunno kai ina jin tsoro. Na tahi wurin mai sayar da kayan mota in sayi gilasiyol, ruwan kala da ake zuba ma radiyata, sai ya jera mani bido huɗu gaban tebur, kore da ja da ruwan hoda da wani shuɗi, kowane da kuɗɗinshi. Na ce wane ya dace da 504, ya ce duk ɗaya ne kala ce kawai, amma ja ya hi ƙarhi tunda ya hi tsada. Makanisiyena kuma ya yi dariya ya ce mi zan yi da maganin ƙanƙara a Maradi, an taɓa ganin ruwa ya daskare a Maradi? Ya ce in bar kuɗɗina in sayi taya. Wani abokina da ke aikin Jibiya ya ce shi ja yake zuba ma tashi Hiace shekara da shekaru bai taɓa jin komi ba. Na rasa na wa zan ɗauka. Wane ne daidai ga tsohuwar mota irin tawa, kuma in na saya zuba shi zan yi bisa ruwan da ke ciki ko yaya?

Direban Dakoro ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa makanisiyenka gaskiya ya gaya maka. Shekara ashirin da biyu ina bin hanyar Dakoro tun tana laterit, ban taɓa sayen ruwan kala ba, kuma duk motocin da na riƙa ba wadda ta mutu don ruwa. Abin nasara ne sunka yi don sanyin ƙasarsu, karanta jikin bidon ka gani an rubuta -25 ko -35, mu nan 43 muke hwama da ita. Ka cire kalorsta, ɗan abin nan da ke tare ruwa har sai inji ya ɗumama, ka yar, ka ɗaure bel ɗin fanka da kyau, kullum da sahe ka duba ruwa, shike nan. In ta hwara ɗiga ka zuba garin taba ko barkono cokali guda zai toshe. Ni abin da na sani kenan, Allah ya kiyaye hanya.

Baba mai radiyata ya rubuta:

Ɗana Ɗan Bagalam sannu da ɗawainiya, Allah ya jiƙan tsohonka. Jikana ne ke rubuta mani, ni ina hwaɗi shina dannawa, in kun ga kuskure nashi ne. Ni aikina kenan tun ina saurayi, buɗe radiyata da tsokace ta da liƙe ta da dalma, saboda haka abin da ruwan rijiya ke yi cikin mota da hannuna nike hiddo shi kullum, ba labari anka ba ni ba.

Malam Direban Dakoro ba ƙarya ka yi ba cewa ruwa baya daskarewa a nan, amma ruwan nan aiki uku gare shi, hana daskarewa ɗaya ne kawai kuma shi ne bamu buƙata. Babban aikinshi gare mu shi ne hana tsatsa da cin ƙarhe. Ka duba injin 504, gangar jikin baƙin ƙarhe ce, kulas alminiyom ne, radiyatarta ta asali jan ƙarhe ce da tagulla an liƙe da dalma. Ƙarhe iri biyar cikin ruwa ɗaya mai zahi mai gishirin ƙasa, ai ka haɗa batir kenan, kuma wanda ke hwara cinyewa shi ne alminiyom, shi ya sa ka ga ramukan kulas ɗinka awa ɓera ya shiga. Hwarin abin da ka ce kuma daga ruwan ne kanshi, duk sadda ya tahwasa ya tashi sai ya bar shi ciki, kai kuma ka ƙara sabon ruwa da sabon gishiri, shekara talatin ana haka. Bututun cikin radiyata siraran ne ƙwarai, ba su kai kaurin tsinken tsire ba, in na buɗe ta wani bi rabinsu a toshe suke, ka ga mota na tahiya da rabin radiyata mai ita bai sani ba sai ran da ya ɗauko lodi cikin Afirilu. Kuma 504 shemiz ɗinta, bututun da fistan ke hawa da sauka ciki, cikin ruwa suke tsaye tsundum, in tsatsa ta ci gindinsu ruwa ya gangara cikin mai, ranan sai ka ce gara jowan kulas.

To batun kala. Mai shagon nan ya yi rabin gaskiya da ya ce kala ce kawai, don kala rini ne, kowane kamfani na zuba wanda ya ga dama, amma ba duk ɗaya ba ne. Abin da ya bambanta su shi ne maganin tsatsan da ke ciki. Akwai na da, wanda ake rubuta ma IAT, ko ka ga an sa minéral jikin bido, ko G11 in na wajen Jamus ne, mafi yawa kore ne ko shuɗi. Shi wannan da ka zuba yake shahe jikin ƙarhe da wani siririn ruhi nan da nan, kuma zamanin radiyatar jan ƙarhe da dalma anka yi shi, ya san su. Aibinshi baya daɗewa, shekara biyu ƙarhinshi ya ƙare sai a zubar a sake. Akwai na zamani, OAT ko organique, G12 da ƴan uwanshi, ja ko ruwan hoda ko ruwan lemu, shi yana kai shekara biyar, amma don motocin da radiyatarsu alminiyom ce da kan roba anka yi shi, dalma da tagulla bai kula da su yadda na da ke yi. Saboda haka tsadarshi ba ita ce ta sa ya dace da kai ba. Rigar ango ta hi tsada amma ba da ita ake shiga gona ba.

Kahin ka sayi komi ka buɗe kapo ka dubi radiyatarka da kyau, don tsohuwar mota ba lalle abin da ta hito da shi daga Kaduna ko Faransa ne ke jikinta ba har yau. Ka kankare hwenti kaɗan da ƙusa a saman tankin. In ka ga rawaya ko ja awa tasa, ga alamun dalma a gehe, ta asali ce, ka sayi na da. In ka ga saman baƙar roba ce an danne ta da ƴan haƙora bisa hwarin ƙarhe, an taɓa canza ta da ta zamani, nan ko wane ka zuba cikin biyun ba laihi in dai ka wanke ciki, ka kuma tsaya kan guda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yau kore gobe ja, duk wanda ya zo hannu. In anka gauraya su maganin kowane na rage ƙarhin ɗan uwanshi, wani bi har ya yi kauri awa kunu, na sha hiddo shi.

Kuma kada ka zuba bisa ruwan da ke ciki, asarar kuɗɗi ce. Ka bari inji ya huce sarai, da sahe ya hi, ka kwance tiyon ƙasa, in akwai ƙusar zubar da ruwa jikin gangar inji a kwance ta ita ma, ka yi ta ɗura ruwa yana hita har ya daina zuwa ja. Ka maida, ka cika da ruwa zalla, ka yi yawo da ita kwana guda, ka sake zubarwa. Wadda ta shekara talatin da ruwan rijiya sai an yi haka sau uku ko huɗu, kuma gaskiya gara a ciro radiyatar a kai ma mai irin aikina ya buɗe ta, ba don ina neman ciniki ba, kai ma duk wanda ka yarda da shi.

Zan gaya maka abu guda tun yanzu don kada ka zage ni daga baya. In ka wanke ta za ta iya hwara ɗiga inda ba ta ɗiga da. Ba ruwan kala ne ya huda ta ba, ramin na nan tuntuni, tsatsa da garin taba ne sunka toshe shi. Mutane da yawa nan suke cewa gilasiyol ya ɓata masu mota.

Garin taba kuma Malam Direba, a daji tsakanin Kornaka da Dakoro in ba yadda za a yi ban hana ba, ni ma na taɓa hwasa ƙwai cikin radiyata don in kai gida. Amma abin da ya toshe ramin waje shi ne ke toshe bututun ciki, bai san bambanci ba.

Ɗan Bagalam ya rubuta:

Baba na gode Allah ya ƙara girma. Yanzun nan na hita da tocila na kankare, rawaya ce tas, har ga wurin da tsoho ya taɓa kai a liƙe. Kenan na da zan nema. Amma ga wata, koren da mai shagon ya nuna mani babu IAT babu G11 babu komi jikinshi, hoton mota ne kawai da dutsen ƙanƙara, kuma shi ya hi arha nesa. Wani kuma ƙaramin bido ne lita guda an rubuta concentré, ya ce shi sai an sirka. Da wane ruwa zan sirka tunda kun ce na rijiya ne ya kashe ni, piya wata ya yi? Kuma tunda nan zahi ne ba gara in zuba shi zalla ba sirki don ya hi sanyaya ta?

Maman Nana ta rubuta:

Ɗan Bagalam wannan mai hoton dutsen ƙanƙara ka yi hankali da shi. Ni Starlet gare ni ta zuwa aiki da kai yara lakwal, shekaran bara na sayi irinshi bido biyar-lita a bakin hanya muna dawowa daga biki, kore shar gwanin kyau, wata uku na buɗe murhi na ga ruwan ya koma kalar shayi. Ƙanen maigidana ne ya ce in kawo sauran, ya zuba kaɗan cikin ƴar roba ya sa a konjelate wurin da nike ƙanƙarar saidawa, da sahe ya zama dutse, har ya hi lamurjena daskarewa. Ya ce ruwa ne da rini kawai anka saida mani. Na gaske in an rubuta -25 bai kamata ya daskare a konjelate na gida ba tunda shi wajen -18 yake tsayawa, in dai wuta ta kwana. Ka taɓa shi ma tsakanin yatsu, na gaske yana da ɗan santsi.

Amma abin da ya sa ma na shigo shi ne in roƙe ka don Allah in za ka zubar da tsoho ko ka aje sabo ka kula da yara da bisashe. Abin nan zaƙi gare shi kuma guba ne, ƙoda yake kashewa. Maƙwabcinmu ya canza nashi ƙohwar gida ya bar shi cikin tasa ya shiga salla, akuyar matarshi mai ciki ta shanye, kwana biyu ta mutu, rigimar da anka sha gidan nan sai da liman ya shiga. Kuma kada a juye shi cikin robar lemu ko ta ruwa, ja ɗin nan da bisap ba su da maraba ga idon yaro. Gwajin konjelate ma ka rubuta jikin robar ka ɗaure ta cikin leda, ka gaya ma uwargida da bakinka.

Ni yanzu ja na Toyota nike sawa, Baba ko shi ma ban yi daidai ba?

Malam Injiniya ya rubuta:

Salamu alaikum. Baba ya gama magana, ni lissahi kawai zan ƙara tunda shi nike koya ma yara, in kuma amsa tambayar zuba shi zalla don kuskure ne da ake yawan yi da kyakkyawar niyya.

Kada ka zuba shi zalla. Ruwa ya hi gilikol ɗaukar zahi nesa, gilikol shi ne asalin abin da ke cikin bidon, zallanshi abin da yake kwasowa daga inji da kaɗan ya wuce rabin na ruwa, ga shi da kauri pompo na wahalar tura shi. Kenan wanda ya cika radiyata da concentré zalla motarshi za ta hi ta Direban Dakoro zahi, nan kam direba ya ci mu. Ruwa ne ke sanyayawa, maganin tsaron ƙarhe yake yi, shi ya sa ake haɗa su. Rabi da rabi shi ne abin da aka saba rubutawa, yana hana daskarewa har wajen -37, mu bamu buƙatar haka, kashi ɗaya cikin uku zuwa kashi 40 cikin ɗari ya ishe mu, amma kada ka sauka ƙasa da ɗaya cikin uku don maganin tsatsan zai yi ƙaranci. Wanda anka rubuta -25 an riga an sirka shi wajen kashi 40, in ka ga prêt à l'emploi zuba shi za ka yi yadda yake ba ƙarin ruwa.

Ga wata dabara. Bayan wanki duk yadda ka zubar sai ruwa ya saura cikin gangar inji, in ka zuba sirkakke bisa shi ya ƙara tsinkewa. 504 tana cin kusan lita 8 gaba ɗaya, to ka hwara zuba concentré lita 3 tukuna, sannan ka cika da ruwa mai kyau, ka ga ko nawa ya saura ciki lissahinka bai ɓaci ba. Ka tada ta murhi a buɗe tun tana sanyi, ka bari iska ya hita kumhwa ta daina tasowa, ka ƙara, ka ruhe. Washegari da sahe ka sake dubawa za ka ga ya sauka kaɗan.

Piya wata a'a. Ruwan sha ne, an tace ƙazanta amma gishirin ƙasan na nan, tahwasa shi cikin buta sati guda ka gani. Ka nemi wanda ake ƙara ma batir, an rubuta eau déminéralisée ko eau distillée. Amma ka karanta da idonka, don masu batir suna da ruwa iri biyu kuma dukansu ruwan batir ake ce masu, ɗayan asid ne, in yaron shago ya miƙo maka shi ka zuba a radiyata sai dai mu yi maka jaje. In kuɗɗi sun yi ƙaranci ruwan da ke ɗiga daga kilim ya yi, a tara cikin bido mai tsabta a tace da ƙyalle, haka ruwan sama na tsakiyar damina ba na hwarko mai ƙura ba.

Sai abin da ba wanda ya taɓo, murhin radiyata. Mutane na ganin marufi ne kawai har wasu na ɗaure leda ko tsumma. Ruwa a buɗe 100 yake tahwasa, in ka sirka rabi da rabi ya koma wajen 107 ko 108, ƙarin bai taka kara ya karya ba. Amma murhi mai lahiya mai riƙe matsi bar 0.9 shi kaɗai yana kai ruwa zalla wajen 118 kahin ya tahwasa. Ka ga a zahinmu murhin jikka ɗaya ko biyu ya hi bidon tsada hana tahwasa. Ka dubi robar ƙarƙashinshi in ta tsattsage ko sifirin ya saki ka canza, ka sayi mai lamba irin ta na asali, kada ka ce bari in sa mai ƙarhi, tsohuwar radiyata da tsohon tiyo ba su jure matsin da ya wuce nasu. Kuma kowa ya sani amma kullum sai an ƙone, ba a buɗe shi da zahi.

Kalorsta kuwa ni ina cikin masu cewa a maida shi. Cikin Disamba da Janairu da asuba motar da babu shi har ta kai Cadawa ba ta ɗumama ba, tana shan isansi tana cin kanta. In shina lahiya sai inji ya ɗumama yake buɗewa ya bar ruwa ya wuce, jehwa shi cikin tukunyar ruwan zahi ka ga ko yana buɗewa. Cire shi ɓoye ciwo ne, toshewar radiyata na nan inda take.

Direban Dakoro ya rubuta:

Malam ku kuna da allo mu muna da hanya. Kalorsta ɗin da ake saidawa yanzu in ya maƙale a ruhe tsakiyar daji wa zai zo ya cece ni, lissahi? Na murhi dai na yarda, wannan na gani da idona. Ruwan kala kuma in Baba zai saya mani bismilla.

Baba mai radiyata ya rubuta:

Malam Direba kai da ka kawo mani radiyata sau nawa, kuɗɗin da ka ba ni da sun saya maka bido goma, amma ci gaba da ruwan rijiya, da shi nike ciyar da gida.

Ɗiyata Maman Nana kin yi daidai, ki tsaya kanshi. Motocin Japan nasu daban ne, ja na Toyota ba ɗaya yake da ja na G12 ba ko da ido ya ce ɗaya ne, su Japan ba su son sinadarin silikat da ke cikin irin na Turai na da, su kuma Turawa suna gudun fosfat da Japan ke sawa saboda ruwansu mai gishiri ne. Kin ga dalilin da ya sa nike cewa a bar kallon kala a karanta bido. Shi ma abokin Ɗan Bagalam mai Hiace da ya ce ja bai taɓa yi mashi komi ba gaskiyarshi, motarshi ce ta dace da shi, ba taka ba ɗana.

Wanda babu rubutun komi jikinshi sai hoto, bar masu abinsu. Na kirki zai gaya maka ko wane iri ne, da awon sanyin da yake jurewa, da sunan wanda ya yi shi, murhinshi kuma a liƙe. In ka rasa mai IAT ko G11 a gari ka nemi wanda ya rubuta ƙarara cewa ya dace da cuivre da laiton, jan ƙarhe da tagulla kenan. Ka rubuta wata da shekarar da ka zuba da hwenti cikin kapo, don shekara biyu kamar gobe ne kuma ba wanda ke tunawa. Bidon bayan kujera kada ka yar da shi, amma ya zama sirkakken ne ciki ba na rijiya ba.

Ɗan Bagalam ya rubuta:

To jama'a ga yadda anka ƙare. Na ciro radiyata na kai anka buɗe, ina tsaye mai aikin ke zura ƴar siririyar waya cikin bututun ɗaya bayan ɗaya, abin da ya hito ya kusa cika gwangwanin tumatir, har da wani baƙin abu da ya ce garin taba ne tun na zamanin tsoho. Wankin inji sau huɗu munka yi kahin ruwa ya hito hwari. Kuma Baba maganarka ta tabbata, a wanki na uku sai ga ɗiga gehen gangar inji, wata pasti ce, ɗan marufin ƙarhe da ke toshe ramin gangar inji, ta ruɓe, da makanisiye ya taɓa ta da sukundireba sai ta hude awa takarda, munka canza ta da ƴar uwarta da ke kusa. Shi da ya ce in bar kuɗɗina in sayi taya yanzu cewa yake dama shi ya san za a rina.

Na samu concentré mai G11 shuɗi ne ma ba kore ba, lita 3, da ruwan batir mara asid na karanta sau biyu Malam. Don son sani na roƙi mai shagon ya ɗiba mani kaɗan daga mai hoton dutsen ƙanƙara, na kai gidan ƙanwata mai konjelate tare da nawa da na sirka, kowane cikin roba da rubutu da leda yadda Maman Nana ta ce. Nawa da sahe yana motsi, nashi kuwa sai da munka jira ya narke kahin mu zubar cikin masai. Ban koma na yi hwaɗa ba, na dai aika mashi hoton.

Jiya na yi Agye na dawo da buhu goma sha biyu da azahar tsaka, allura ta tsaya ƙasa da rabi, sai wurin hawa ta ɗan motsa ta koma. Kalorsta ban maida ba tukuna don ashe babu shi ma ciki tuntuni, an ce za a nemo mani. Murhi ne ya gagara, duk wanda na samu a gari na Toyota ne bakinshi bai zauna ba, na asalin kuma robarshi ta ƙeƙashe. In akwai mai zuwa Katsina cikin satin nan ya yi mani magana in ba shi tsohon ya tahi da shi a gwada.